Dalilan Da Mutane Kan Bayar Na Barin Imani Da Allah



Da aka liƙa sanarwar wannan lacca, wani abokin aikina ya tare ni a bakin ofis, ya tambaye ni ko na rasa abin da zan yi magana a kai ne. Na gane nufinsa. Batun da za mu tattauna yau batu ne da ba a saba ɗaga murya a kansa a ƙasarmu ba, saboda haka ya kamata in bayyana matsayina tun da farko. Ni Musulmi ne, kuma ban zo domin in gyara wa kowa aƙida ko in rushe ta ba. Sana'ata nazarin harshe da adabi, watau sauraron abin da mutane suka faɗa da kuma yadda suka faɗe shi. Abin da zan yi ke nan da maganganun waɗanda suka ce sun daina yarda akwai Allah, mu ji dalilan da su da kansu suke bayarwa.

Bari mu fara da harshe, tun da shi ne gonata. Hausa ba ta da kalma tata ta kanta ga mutumin da ya ce babu Allah sam. Muna da kafiri, amma kafiri yana iya zama mai addini ƙwarai, sai dai ba Musulunci ba. Muna da arne da Bamaguje, su ma ba su dace ba, domin Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano ya buga littafi a kansu a 1946, ya tarar sun san Allah sarai, illa dai hidimarsu ta yau da kullum ga iskoki take. Dole sai mun ara daga Larabci mu ce mulhidi, kalmar da tushenta ɗaya ne da lahdu, ramin nan da akan haƙa a karkace a gefen kabari, watau wanda ya karkace ke nan. Alƙur'ani ma, a cikin Suratul Jasiya, ya ambaci masu cewa rayuwar duniya ce kurum kuma zamani ne ke hallaka mutane, daga nan malamai suka sami sunan Dahriyya. Har wa yau, wanda ya bar imani a cikin Hausa yana da wata wahala da Bature bai da ita: ko ruwan sha zai roƙa, sai ya ce "don Allah", in ya ji tausayi ya ce "Allah sarki", in zai yi sallama da matafiyi ya ce "Allah ya kiyaye hanya". Harshen da kansa ba ya sakinsa.

A wasu ƙasashe kuwa abin ba baƙo ba ne. A ƙidayar da aka yi a Ingila da Wales a 2021, kashi 37 cikin 100 na jama'a sun ce ba su da addini. Sai dai a lura, rashin addini daban, musun samuwar Allah daban. Akwai kuma rukuni na tsakiya, masu cewa ɗan Adam ba shi da hanyar sanin ko akwai ko babu, waɗanda Thomas Huxley ya ƙirƙiro wa suna a Turanci a 1869.

To, dalilin da aka fi ji daga bakin waɗannan mutane shi ne na wahala da azaba a duniya. Misalin da na fi so a nan shi ne Charles Darwin, domin mutane da yawa suna zaton bincikensa kan asalin halittu ne kaɗai ya raba shi da addinin Kirista. Darwin ya je Jami'ar Kambirij ne da niyyar zama limamin coci. A 1851 'yarsa Annie, wadda ya fi shaƙuwa da ita, ta rasu tana da shekara 10 bayan doguwar jinya. Masana tarihi sun yi saɓani kan ko wannan rasuwa ce ta karya masa imani, shi dai ya ce rashin imanin ya shige shi ne sannu a hankali, har bai ji zafin shigarsa ba. Amma a wata wasiƙa da ya rubuta wa abokinsa Asa Gray a 1860, ya kawo misalin wani ƙwaro dangin zanzaro, wanda ke saka ƙwai a cikin jikin tsutsa tana da rai, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su riƙa cinta ta ciki. Ya ce ya kasa shawo kan zuciyarsa ta yarda cewa Mahalicci mai jinƙai ya tsara haka da gangan. Sa'an nan a cikin tarihin rayuwarsa da ya rubuta wa iyalinsa a 1876, ya bayyana abin da ya fi ci masa rai, watau koyarwar da ke cewa wanda bai ba da gaskiya ba zai dawwama cikin azaba, alhali mahaifinsa da wansa da galibin abokansa suna cikin wannan rukuni. Matarsa Emma, mai riƙo da addini ce, ta sa aka cire wannan wuri da aka zo buga littafin a 1887, kuma ba a mayar da shi ba sai a 1958, a hannun jikarsu Nora Barlow. Da duk wannan, Darwin bai taɓa kiran kansa mai musun Allah ba, ya ajiye kansa ne a rukunin tsakiya. Abin lura shi ne, a cikin hujjojin wannan babban masanin kimiyya akwai fuskar 'yarsa da ta mahaifinsa.

Akwai kuma waɗanda dalilinsu na tunani ne tsantsa, kuma rashin adalci ne a ce kowane mulhidi wani ciwo ne ke damunsa. Bertrand Russell, masanin lissafi da falsafa, wanda ya yi shahararriyar laccarsa kan dalilin da ya sa shi ba Kirista ba ne a London a 1927, ya ce har ya kai shekara 18 yana riƙe da hujjar nan ta cewa kowane abu yana da sababi, saboda haka dole akwai sababi na farko. Sai ya karanta tarihin rayuwar John Stuart Mill, ya tarar da tambayar nan ta yara: in kowane abu sai da mai yinsa, shi mai yin fa? Malaman tauhidi sun daɗe da amsa wannan, suka ce hujjar ta shafi abin da ke da farko ne, Allah kuwa ba shi da farko, kuma duk wanda ya karanta littattafan tauhidi a zaure ya san siffar ƙidam. Ni amsar ta gamsar da ni, shi ba ta gamsar da shi ba. Ba zan tsaya a nan ba, domin fagen masana falsafa ne, kuma ga su nan zaune a gaba suna jirana.

Inda nake so in daɗe shi ne dalilin da ya shafi halin masu addini, musamman yadda aka koya wa mutum addinin yana yaro. A 1937 wani matashi a birnin Iskandariya ta Masar, Isma'il Adham, ya buga wata 'yar maƙala da Larabci yana bayyana dalilin da ya sa shi mulhidi ne. A rabinta na biyu ya kawo hujjoji daga lissafi da kimiyya, amma ya buɗe ta ne da labarin gidansu. Bisa ga abin da ya faɗa, mahaifinsa Musulmi ne mai tsanani, mahaifiyarsa Kirista ce da ta rasu yana ɗan ƙarami, yayyensa mata suna kai shi coci ranar Lahadi, ta ɓangaren uba kuma ana tilasta masa salla da azumi da hadda ba tare da lallashi ba. Ya haddace Alƙur'ani yana yaro, amma abin da ya rage masa daga haddar shi ne tunawa da wahalar da ya sha. Masana sun mayar masa da martani da alƙalami: Ahmad Zaki Abu Shadi ya rubuta dalilin da ya sa shi mumini ne, Muhammad Farid Wajdi kuma ya amsa masa a mujallar Azhar. A 1940 aka tsamo gawar Adham daga teku a Iskandariya, bai cika shekara 30 ba. Ba na kawo ƙarshensa domin in ce ga sakamakon ilhadi ba, wannan hukunci ya fi ƙarfina. Na kawo shi ne domin duk wanda ya taɓa zama gaban allo da bulala tana shawagi a kansa zai gane wani abu a cikin labarin.

Irin wannan na gani da idona lokacin da nake karatu a Ingila. Na yi haya a gidan wata tsohuwa 'yar asalin Ireland, mace mai kirki wadda in azumi ya zo takan bar mini abinci a rufe domin sahur, ba tare da na roƙa ba. Wata rana na tambaye ta me ya sa ban taɓa ganin ta je coci ba. Ta ce a gidan marayu na masu addini ta tashi, kuma hannun da ke riƙe da carbi da safe shi ne ke dukansu da dare. Ta ce ta yi shekaru tana addu'a a kawo mata ɗauki, ba wanda ya zo, sai ta yanke cewa babu mai ji. Na yi shirin kawo mata hujjojin da na sani, sai na ga babu ɗaya daga cikinsu da ta shafi abin da take faɗa, na yi shiru. Ba ƙage ta yi ba kuwa, domin a 2009 hukumar bincike da gwamnatin Ireland ta kafa ta fitar da rahoton da aka sani da Rahoton Ryan, wanda ya tabbatar da cin zarafin yara na shekaru masu yawa a irin waɗannan gidaje.

Kada mu yi saurin cewa wannan matsalar Turawa ce. Ɗalibin da ya ga wanda ke sahun gaba a masallaci shi ne ya cinye kuɗin fanshon mahaifinsa, ko ya ga an ƙone gidan maƙwabcinsa da sunan addini, yana karɓar darasi, ko da ba wanda ya yi niyyar koya masa. A ƙa'idar mantiƙi, mugun halin mai addini ba hujja ba ce kan babu Allah, kamar yadda likitan banza ba ya soke ilimin likitanci. Wannan gaskiya ne. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka shiga imani ta ƙofar mantiƙi. Mun karɓe shi ne daga iyaye da malamai da muka amince da su, saboda haka in amanar ta karye, abin da aka ɗora a kanta yakan girgiza.

Wannan ya kawo mu ga wani dalili da matasa suka fi kawowa a yau, cewa da a Indiya aka haife ka da kai Hindu ne, da a Italiya ne da kai Katolika ne, saboda haka addini gado ne kurum. Masu faɗar haka sukan ɗauka sabon tunani ne. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya faɗi a littafinsa Al-Munƙiz minad Dalal cewa tun yana matashi ya lura 'ya'yan Kiristoci suna tashi Kiristoci, na Yahudawa Yahudawa, na Musulmi Musulmi, kuma wannan ne ya kwance masa igiyar bin iyaye ido rufe. Ya yi kusan wata 2 cikin shakkar kome da kome, har abin da idonsa ke gani, kafin ya warke, kuma ya ce warakar ta zo ne ta wani haske da Allah ya jefa masa a zuciya. Tambayar da ta fitar da wasu daga addini, ita ce ta mai da Gazali Hujjatul Islam. Haka Mustafa Mahmud, likitan nan na Masar, ya yi shekaru cikin shakka, sa'an nan ya rubuta labarin tafiyarsa daga shakka zuwa imani a 1970. Akwai kuma wanda ya bi hanyar a juye: Abdullahi al-Ƙasimi, mutumin Najadu, ya fara da rubuta littattafan kare da'awar Wahabiyya, ya ƙare yana musun addini baki ɗaya, ya rasu a Alƙahira a 1996.

A nan Nijeriya, Tai Solarin, wanda ya kafa makarantar Mayflower a Ikenne a 1956, bai ɓoye rashin imaninsa ba har ya rasu a 1994, kuma babban ƙorafinsa shi ne mutane suna zaman jiran addu'a ta yi musu aikin da hannunsu ya kamata ya yi. A Arewa kuwa, labarin da kowa ya ji shi ne na Mubarak Bala, wanda danginsa suka kai shi asibitin masu taɓin hankali a Kano a 2014 bayan ya ce ya bar addini. An kama shi a 2020 saboda rubuce-rubucensa a Facebook, kotu ta yanke masa shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a 2024. Maganganun da ya yi sun ɓata wa jama'a rai ƙwarai, har da ni. Amma ina roƙon ku dubi abin ta fuskar malamin makaranta. Matashin da ke da irin tambayar Gazali a zuciyarsa, bayan ya ga wannan, ba zai kawo ta gaban mahaifinsa ko malaminsa ba. Zai kai ta intanet da tsakar dare, inda waɗanda za su amsa masa ba su san Gazali ba, ba su kuma damu da shi kansa ba.

Shekarun baya wani ɗalibi ya biyo ni ofis bayan darasi, ya rufe ƙofa, ya tsaya yana murza hularsa. Ya ce, "Malam, ƙanwata ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn, ga ta ba ta taɓa saɓa wa kowa ba. Tun daga ranar in na ɗaga hannu zan yi addu'a sai in ji kamar da bango nake magana. Na kafirta ke nan?" Na ce masa ni ba mufti ba ne, amma na san wanda ke tsoron ya kafirta bai rabu da abin ba tukuna. Na ba shi aron littafin Gazali, na kuma haɗa shi da wani dattijon malami a cikin gari wanda na san ba ya tsawa. Da zai fita ya ce mini ni ne mutum na huɗu da ya yi niyyar tambaya, sauran ukun ya je har ƙofarsu ya juyo.

Shugaban taro, na ga ka dubi agogo sau biyu, saboda haka zan dakata a nan domin a sami lokacin tambayoyi.