Wa Zai Riƙe Hannun Kaka?

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Farawa sura 46, aya 1 zuwa 7.

Yunwa ta kori gidan Yakubu daga ƙasar Kan'ana. Yakubu yana da shekara 130, ƙafarsa ba za ta kai shi Masar ba. 'Ya'yansa ba su bar shi a baya ba. Suka ɗora shi a kan kekunan da Fir'auna ya aiko, suka tafi tare da shi.

Mu ma mun san gudun tsira. A watan Afrilu 2021, 'yan bindiga suka kori mutanen ƙauyukan Shiroro da Munya, da yawa suka fake a makarantar firamare ta IBB a nan Minna. A watan Mayu 2025 kuma ambaliya ta afka wa Mokwa, mutum fiye da 150 suka rasu. A irin wannan rana uwa takan goya jaririnta ta ruga. To, wa zai riƙe hannun kaka mai gigin tsufa?

'Yan'uwa, gigin tsufa ba maita ba ne, ba kuwa la'ana ba. Cuta ce da ke cin ƙwaƙwalwa a hankali. Abin da ya faru jiya shi ne yake fara ɓacewa, na ƙuruciya kuwa yakan daɗe. Shi ya sa tsohuwar da aka kawo Kpakungu daga ƙauye takan tashi da magariba ta ce za ta gida. Ta fita titin Bida cikin motoci, ba ta san sunan unguwar ba. In aka yi rashin sa'a, yara su bi ta da jifa suna cewa mayya.

Me za mu yi? Tun ana zaman lafiya, kowane gida ya zaɓi mutum ɗaya wanda Kaka ce kayansa ranar gudu. A rubuta sunanta da lambar wayar ɗanta, a ɗinke a rigarta. A ɗaure maganinta da tabarmar da ta saba wuri ɗaya. In ta rikice kada mu yi gardama da ita. Mu zauna kusa, mu yi mata magana da harshen da ta tashi da shi, ko Gbagyi ko Nupe, mu rera waƙar sujada da ta sani. Zumuntar mata kuma su riƙa karɓar mai jinya, domin ita ma takan gaji.

A cikin Ishaya 46:4 Ubangiji ya yi alkawari zai ɗauki mutanensa har su yi furfura. Sau da yawa da hannuwanmu yake cika wannan alkawari. Ko Kaka ta manta sunanmu, Allah bai manta da nata ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba mu haƙuri da ƙauna, kada mu yar da iyayenmu a ranar wahala. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.