Tsohuwar Waya, Sabon Gudu: Yadda ISDN Ta Haɗa Gida da Ofis



A 1995, ma'aikacin da ke son shiga kwamfutar ofishinsa daga gida sai ya tanadi haƙuri. Zai kunna modem, ta yi ta ƙugi da tsuwwa kusan rabin minti kafin layi ya kama. In ya kama ɗin ma, gudun bai wuce bit 28,800 a daƙiƙa ba. Fayil mai megabait ɗaya kan ci kusan minti biyar, kuma duk tsawon lokacin tarhon gidan a toshe yake.

Laifin ba na wayar tagullar ba ne. An tsara layin tarho ne don muryar ɗan Adam, saboda haka yana wuce da sautin da ke tsakanin hertz 300 zuwa 3,400 kawai. Dole modem ta mayar da lambobin kwamfuta su zama ƙara, wata modem a ofis ta sake mayar da su lambobi. Abin mamaki, a tsakanin manyan tashoshin tarho an riga an koma lambobi: ana auna murya sau 8,000 a daƙiƙa, kowane awo bit takwas, jimilla bit 64,000. Guntun da ya taso daga tasha zuwa ƙofar gida ne kaɗai ya rage a tsohon yayi.

Wannan guntun ISDN ta zo ta gyara. Kwamitin CCITT na Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ya fitar da ƙa'idojinta a shekarun 1980. A kan wayar da ke gidan tun fil'azal, sai aka sami hanyoyi uku: biyu masu bit 64,000 kowacce don murya ko bayanai, da ƙarama mai 16,000 da ke kula da kira da amsawa. In aka haɗe manyan biyun, gudu ya kai 128,000, fayil ɗin nan mai cin minti biyar ya sauka a minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi.

Masu aiki daga gida sun fi yaba wasu abubuwa biyu. Layi kan kama cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, don haka na'ura ta kan buga ofis da kanta in akwai saƙo, ta kashe in an gama. Sannan, da na'urar da ta dace, in tarho ya yi ƙara sai ta saki hanya ɗaya a amsa kira, aiki na tafiya a ɗayar. A ɓangaren ofis kuwa, babban layi guda kan ɗauki mutum 30 a lokaci ɗaya a Turai, 23 a Amurka da Japan.

Amma fa da tsada. A wurare da yawa kowace hanya kira ce mai zaman kanta, wato gudu biyu, kuɗi biyu. Gidan da ya yi wa tasha nisa fiye da kilomita biyar da rabi kuma sai an ƙara masa na'ura a hanya.

Kamfanin NTT ya fara sayar da ISDN a Japan a 1988, Jamus ta biyo baya a 1989, kuma a can ne ta fi samun karɓuwa a gidaje. A Amurka ta yi ta jan ƙafa, har modem mai bit 56,000 ta iso a 1997 ta rage tazarar. Daga baya ADSL, wadda ke amfani da sautukan da suka fi murya tsayi a kan tagullar nan dai, ta kai megabit takwas ta sha gabanta. Gidajen rediyo ne suka daɗe riƙe da ita, saboda tsaftar muryar wakili daga nesa.

Nijeriya ba ta bi ta wannan mataki sosai ba, kuma dalilin a fili yake: ISDN tana hawa ne a kan wayar da aka riga aka ja. Kafin zuwan wayar salula ta GSM a 2001, layukan kamfanin tarho na NITEL ba su wuce rabin miliyan ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan ɗari. Shi ya sa yawancin ma'aikata a Kano ko Kaduna suka fara haɗa gida da ofis ta iska, ba ta tagulla ba.