MAI GARKA YA FID DA IRIN ALBASARSA DA KANSA

Ga jawabin da malamin gona ya yi wa manoma, maza da mata, masu karatun yaƙi da jahilci a ƙasar Dakoro.



Maganar yau ta irin albasa ce. Kowace shekara, in kaka ta yi, masu garka suna zuwa kasuwa sayen iri. Irin yana da tsada. Wani lokaci mutum ya biya kuɗinsa, ya yafa, ya yi ta ban ruwa, amma ko rabi bai tsira ba. Kafin ya samo wani, lokacin yafi ya wuce. Ga asarar kuɗi, ga asarar ruwa, ga asarar shekara. A ƙasar Dakoro kuwa ruwa ba abin wasa ba ne, rijiyoyi suna da zurfi.

Dalili shi ne, irin albasa ba ya daɗewa. In ya shekara a ajiye cikin zafi, da yawansa ya mutu. Ido ba ya rarrabe sabo da tsoho, duk baƙi ne. Maganin wannan shi ne mai garka ya fid da irinsa da kansa.

YADDA ALBASA TAKE

Albasa tana yin aikinta cikin rani biyu. Ranin farko tana yin kai. Rani na biyu, in an mai da kan nan cikin ƙasa, sai ta fid da dogon kara, ta yi farin fure, furen ya ba da iri. Sanyi ne yake sa ta fure. Shi ya sa ake dasa ta kafin dari.

Ba albasa kaɗai ke da wannan hali ba. A ƙasar Holan, can Turai, akwai wani fure da ake kira tulif, mai kai cikin ƙasa kamar na albasa. Suna dasa shi kafin sanyinsu. In sanyi ya wuce, wajen watan Afrilu, gonaki su cika da ja da fari da ruwan ɗorawa. Tulif yana son sanyi mai tsanani, ba zai yi a Dakoro ba. Amma albasa, sanyin darin Disamba da Janairu ya ishe ta.

Albasar da ta fi suna a Nijar ita ce ta Galmi, cikin jihar Tawa. Ana kai ta har Gana da Kodebuwa da Benin da Najeriya. Kwarin Tarka, wanda ya ratsa ƙasar Dakoro, shi ne ya gangara har Madawa, inda ake noma ta da yawa. Bayan farin 1984, shugaban ƙasa na lokacin, Seyni Kunce, ya yi kira a riƙe noman rani, garake suka yawaita cikin ƙasa. Amma garka ba ta tsayawa sai da iri mai kyau.

KUSKUREN DA AKE YI

Cikin fangalin albasa, akan ga wasu sun yi kara da fure tun ranin farko. Wasu mutane sukan bar su, su ɗebi irinsu, suna murna sun samu iri a banza. Wannan kuskure ne. Albasar da ta yi gaggawar fure ba ta yin kai mai kyau. Wuyanta kauri gare shi, cikinta da tauri, ba ta ajiyuwa, ba ta da daraja a kasuwa. In aka shuka irinta, ƴaƴanta da yawa haka za su yi. Hausawa sun ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. To, amma tana yin halin uwarta.

ZAƁEN UWAR IRI

Aikin yana farawa ranar cirar albasa, cikin Maris ko Afrilu. A tsai da ban ruwa kwana 10 kafin a cire. Kafin a cika buhun kasuwa, a ware waɗanda za su zama uwar iri. Ga yadda ake gane su:

1. Matsakaicin kai, faɗinsa santimita 5 zuwa 6.
2. Siririn wuya wanda ya bushe sarai.
3. Launi ɗaya, irin na Galmi.
4. Kai guda, ba tagwaye ba.
5. Ba rauni, ba ruɓa, kuma ba ta yi fure ba.

Kai 50 sun ishi ƙaramar garka, har a taimaki maƙwabci. Amma a ware fiye da haka, don wasu za su lalace wajen ajiya.

AJIYA

Daga bazara har ƙarshen damana, wata 6 ke nan uwar iri tana ajiye. A sa ta cikin rudu, ko bisa gadon kara cikin inuwa, inda iska ke ratsawa. Kada ta taɓa ƙasa. Kada ruwan sama ya same ta. Kada a tula ta da yawa wuri ɗaya. Kowane sati biyu a duba, a fid da wadda ta ruɓe, don guda ɗaya tana ɓata saura.

Akwai wani gwaji a nan. Cikin damana kuɗin albasa yana hawa, hatsi kuma ya yi ƙaranci a gida. Mai gida zai ji kamar ya sayar da uwar iri. Wanda ya daure, shi ne ba zai je neman iri da tsada ba.

DASHE

Lokacin dashe shi ne ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. In aka makara, fure zai gamu da zafin bazara, irin ya zama holoƙo.

A gyara fangali, a zuba taki wanda ya ruɓe sosai. A yanke kashi ɗaya cikin uku na saman kan albasa da wuƙa mai tsabta, a barbaɗa toka a wurin yankan, a bari ya sha iska. Yankan yana sa tsiro ya fito da sauri. A dasa saiwa tana kallon ƙasa, a rufe da ƙasa kaɗan. Tsakanin kai da kai santimita 30. Tsakanin layi da layi santimita 50.

A jigawa, a ba da ruwa kowane kwana 2 ko 3. Kada ruwa ya kwanta, kan zai ruɓe. In kara ya yi tsawo, a tara ƙasa a gindi don kada iskar dari ta kayar da shi.

LOKACIN FURE

Wajen Janairu da Fabrairu fangali zai yi fari fat, gwanin kyau. Za a ga zuma da ƙudaje suna yawo a kai. Kada a kore su. Su ne ke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan. In babu su, babu iri. Saboda haka kada a fesa maganin ƙwari in fure ya buɗe. In ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye sun dame ta, a yi maganinsu tun kafin fure, da ruwan ƴaƴan dogon yaro.

Abu na biyu: kada wata albasa dabam, kamar fara irin ta Sumarana, ta yi fure kusa da ita. Zuma za ta gauraya su. Ya kamata masu garka na gari ɗaya su yi shawara, su tsaya a kan iri ɗaya.

GIRBI

Cikin Maris ko Afrilu, fure zai bushe, wasu kwanson su tsage, a ga baƙin iri. Lokaci ya yi. Ba duka ke nuna rana ɗaya ba, sai a riƙa bi ana yankan waɗanda suka nuna, da safe. A shanya su bisa tabarma cikin inuwa har su bushe. A murje da hannu, a sheƙe. In ya bushe ƙayau, a zuba cikin kwalba ko gwangwani mai murfi, a ajiye wuri mai sanyi.

A nan karatu zai yi rana. A rubuta sunan iri da wata da shekara a takarda, a liƙa jikin kwalbar.

Kafin yafi, a ƙirga ƙwaya 100, a sa cikin jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan kwana 10 a ƙirga waɗanda suka tsira. In sun kai 70 ko 80, irin yana da kyau. In mutum ya sayo iri a kasuwa ma, haka zai gwada shi. Giram 50 ya ishi dashen fili mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi.

Wanda yake da tambaya, sai ya nemi malamin gona na yankinsa. Wanda ya iya karatu kuma, ya karanta wa wanda bai iya ba.

Allah ya ba da albarkar noma. Amin.