Kwamfuta Cikin Kwamfuta: Ina Izinin Baƙo?



Batun da ya tara mu a yau shi ne kwamfutar kwaikwayo, wato wadda ake ginawa da manhaja a cikin wata kwamfutar, ta riƙa aiki tamkar mai zaman kanta. Dabarar ta daɗe, domin tun a 1972 kamfanin IBM ya fito da VM/370. Yau kuwa, da VirtualBox ko VMware, kowannenmu yana iya saukar da baƙuwar manhaja a ɗakinsa. Tambayar da muke yawan tsallakewa ita ce: da izinin wa?

Ya kamata mu gane cewa wanda ya biya kuɗin Windows lasisin amfani ya saya, manhajar kuwa tana nan a hannun Microsoft. Lasisin nan na kwafi ɗaya ne a kan na'ura ɗaya, ta ƙarfe ce ko ta kwaikwayo. Saboda haka idan muka ɗora Windows ta biyu a cikin ta farko, baƙuwar tana bukatar nata lasisin. Wanda ya zo tare da kwamfuta daga masana'anta kuma ɗaure yake da ita, ba a ƙaura da shi.

Kowane gida da dokarsa. Windows Server Standard tana ba da damar kwamfutocin kwaikwayo 2, Datacenter kuwa ba ta da iyaka. Apple, tun daga 2011, ya yarda a ƙara kwafi 2 na manhajarsa, amma sai a kan na'urar da shi ya ƙera. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, tana ƙarƙashin lasisin GPL: a kwafa, a gyara, a rarraba, muddin wanda ya rarraba ya bar wa na bayansa irin wannan 'yancin.

Mun san halin aljihun ɗalibi, mun kuma san yadda kwafin sata ke yawo hannu da hannu a ɗakunan kwananmu. To, amma zanen aro ba ya rufe katara, balle na sata. Irin wannan kwafi kan zo da ƙwayar cuta, ya lalata kundin da aka yi shekara ana rubutawa. Gobe kuma mu ne za a danƙa wa na'urorin bankuna da asibitoci, inda sakacin lasisi ke jawo tara da zubewar mutunci.

Hanyar halal a buɗe take. Microsoft kan ba da kwafin gwaji na Windows Server na kwana 180 kyauta, Ubuntu da Debian kuwa ba a biyan ko kwabo. Mu karanta sharuɗɗa kafin mu danna amincewa, mu kuma nemi hukumar jami'a ta samar wa ɗalibai lasisi na bai ɗaya.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani.