Keken Haɗe-haɗe: Inda Ribarmu Take, da Inda Amanarmu Take

Jawabin da aka gabatar a madadin masu fataucin kekuna da kayan gyaransu, ranar taron cikar shekarar ƙungiya



 An ba ɓangarenmu 'yan mintoci, kuma mun zaɓi mu yi magana a kan abu ɗaya: keken hawan dutse, mai giya da kaurin taya, wanda masu Faransanci ke kira VTT, musamman wanda ake harhaɗawa daga ɓaraguzan gwanjo.

Duk wanda ya taɓa buɗe kwantenar kekunan gwanjo, ko ta Kwatano ta sauka ko ta Lome, ya san kashi uku take fitowa. Akwai masu lafiya, a share ƙura a sa iska a sayar. Akwai masu ƙaramin ciwo, wannan ba sarƙa, wancan ba sirdi. Sannan akwai na ukun, waɗanda ba su tashi sai an yanka biyu ko uku an tayar da ɗaya. Na farkon kuɗin kaya da na duwan da na mota suke mayarwa. Riba tana cikin na biyu da na uku. Ke nan abincinmu yana hannun mai haɗi, kuma sunanmu ma yana can.

Kasuwar kuwa ta buɗe. Tun da Nijeriya ta cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai ya yi tsada a ɓangarorin iyaka biyu, daga Jibiya har Maraɗi, daga Illela har Ƙonni. Malamin makaranta da ɗan tireda da manomi da yawa sun jingine babur sun koma neman keke. A shekarar ce kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta yi tsawo, kuɗin dako ya hau, sabon kayan gyara ya yi wuya. A irin wannan hali babu ƙarfen da za a raina.

Wasu suna jin nauyin a ce kekensu haɗi ne. To, ku ji asalin keken. A shekarun 1970, a gundumar Marin da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, wasu samari suka riƙa tsinto tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930 da 1940, masu nauyi da kaurin taya, waɗanda mutane suka yasar. Suka cire madigadi da duk wani ƙarfen ado, suka ɗaura musu kan babur da hannun birkin babur, daga baya suka ciro giya daga kekunan tsere suka liƙa. Da su suke gangarowa daga duwatsun yankinsu. Ranar 21 ga Oktoban 1976 suka fara wata gasar gangara kusa da garin Fairfax, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 3, mai saukar kusan mita 400. Birkin tsofaffin kekunan a cikin hob ɗin baya yake, da feda ake taka shi baya, kuma kafin a iso ƙasa giris ɗinsa ya ƙone yana hayaƙi, dole a kwance a sake cusa wani. Daga sake cusa giris ɗin nan gasar ta samo sunanta, Repack.

Tsofaffin firam suna ta karyewa, sai ɗayansu, Joe Breeze, ya ƙera sabo musamman don wannan aiki a 1977. A 1979 Gary Fisher da Charlie Kelly suka buɗe kamfani, Tom Ritchey yana ƙera musu firam. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, keken ya shiga shaguna da yawa. Zuwa 1996 ya shiga gasar Olimfik a Atlanta. Abin da ya fara daga juji ya zama hajar duniya. Da tsohuwar zuma ake magani. Amma ku lura, waɗancan samarin da kansu suke hawan abin da suka haɗa, in ya karye ƙashinsu ne. Mu kuwa ɗan wani ne zai hau.

Saboda haka ga abin da muka ga ya kamata kowane mai shago ya sani, ko da ba shi ke riƙe sifana ba.

Na farko, taya. Rubutun inci yana ruɗi. Tayar da aka rubuta wa 26 x 1.95 da wadda aka rubuta wa 26 x 1 3/8, irin ta kekunan gida na Jafan, duk 26 ne a baki, amma ɗaya ba ta hawa rim ɗin ɗaya. A duba gefen taya, akwai lamba biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 50-559. Ta biyun ita ce faɗin rim a milimita, kuma ita ce gaskiya. Tsohon keken dutse 559 ne, na Jafan ɗin nan 590, mai inci 27.5 kuma 584, mai inci 29 shi ne 622. Baƙin keken iyayenmu, irin su Raleigh da Phoenix, 635 ne. Tsakanin 584 da 590 milimita shida ne kacal, amma wanda ya tilasta ta da ƙarfe zai ji ƙarar fashewa a tsakiyar hanya. Haka bawul: akwai mai kauri irin na mota, akwai siriri. Mutumin ƙauye mai kaurin za a ba shi, don kowane mai faci yana da famfonsa.

Na biyu, zare. Fedar hagu zarenta a juye yake, ana ɗaure ta ta inda ake kwance sauran notuna. Yaron da bai san haka ba zai cinye zaren hannun feda cikin minti ɗaya. Akwatin boris na tsakiya ma haka: a yawancin kekunan dutse zaren Ingila ne, wanda ɓangarensa na dama a juye yake, amma tsofaffin kekunan Faransa da na Italiya ba haka suke ba, kuma ma'auninsu daban. Ƙa'idar ɗaya ce: abin da bai shiga da yatsu ba a zagayen farko, kada a sa masa ƙarfi. Guduma ba ta gyara zare.

Na uku, sandar sirdi. Akwai mai kaurin milimita 25.4, da 27.2, da 30.9, da 31.6, da wasu a tsakani. In an sa siririya aka matse ta da ƙarfi, bakin firam ne zai tsage. Kuma a jikin kowace sanda akwai layin da bai kamata ya fito waje ba. Dogon mutum a ba shi babban firam, kada a zaro masa sanda har ƙarshe.

Na huɗu, sarƙa da giya. Sarƙar giya 6 da 7 da 8 suna aron juna, amma daga 9 zuwa sama kowace tana ƙara sirancewa, sai da tata. Gwajin tsufan sarƙa ba ya buƙatar komai sai tef ɗin tela: daga ƙusa zuwa ƙusa rabin inci ne, don haka tsawon inci 12 ya kamata ya faɗa daidai kan ƙusa. In ya zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci, sarƙar ta mutu, kuma ta riga ta fara cin haƙoran giya. Sabuwar sarƙa a kan cinyayyun haƙora tsalle take yi daidai lokacin da mutum ya miƙe yana taka hawa.

Na biyar, kuma shi ya fi kowanne nauyi, birki. Birki mai dogayen hannuwa biyu da ake kira V, wanda Shimano ya yaɗa a tsakiyar shekarun 1990, yana bukatar hannun da ke jan waya da yawa. Wanda ya gabace shi, mai wayar da ke rabuwa biyu a saman taya, hannunsa kaɗan yake ja. In aka gauraya su, ko dai hannu ya taɓa kan keke birki bai gama kamawa ba, ko ya yi tauri ba ƙarfi. A ido duk kamarsu ɗaya, sai a gangara ake gane bambanci. Birkin faifai mai aiki da mai kuma iri biyu ne: na Shimano man ma'adini yake sha, wasu kuma man birkin mota mai alamar DOT. Aka musanya, robobin ciki sun lalace. Ga wani abu da ake mantawa: keken Ingila da na Jafan hannun dama ne birkin gaba, na Faransa da Amurka kuwa hannun dama na baya ne. Yaron da ya saba da ɗaya ya damƙi ɗaya a guje, ta saman kan keke zai wuntsila. A gaya wa mai saye kafin ya hau.

Sai firam kansa. A riƙe ɗan maganaɗisu a aljihu. In ya manne, ƙarfe ne, kuma mai waldar kowane gari zai iya ɗinke shi. In bai manne ba, galibi alminiyam ne: ba nauyi, ba tsatsa, amma in ya tsage, waldar bakin titi ba ta mayar da shi yadda yake. Firam ɗin alminiyam mai tsaga, a cire kayan jikinsa a kai shi wurin masu narka tukwane. A duba wuyan keke da ƙarƙashinsa, in fenti ya yi ƙuraje ko ya tattare, keken ya taɓa yin karo.

Mu kuma tuna ƙasar da keken zai yi aiki. Ba dutse muke hawa don wasa ba. Rairayi ne da ƙaya da buhun gero da jarkar ruwa. Kaurin taya yana taimako a yashi, in aka ɗan rage iska. Fok mai sifirin da ya mutu nauyi ne kawai, gara sandararre na ƙarfe. Keken da giyarsa ta lalace babu kayanta, a mayar da shi mai gudu ɗaya, a gaya wa mai saye, zai shekara bai nemi bakanike ba. Mai da yawa a kan sarƙa lokacin hunturu ƙura yake tarawa ta zama kamar dutsen niƙa, a ɗiga kaɗan a goge. A ƙara kariya mai ƙarfi, wannan ita ce adon da manomi ke biya.

Daga ƙarshe, ga roƙonmu guda huɗu ga shugabanni da membobi.

Ɗaya, keken haɗi a kira shi haɗi. Fenti da sitika ba su mayar da shi na kwali. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a kasuwar iyaka labari ya fi mota sauri: wanda aka cuta a wannan kasuwa, kafin mako ya zagayo an ji a waccan. Ba sunan mutum ɗaya za a kira ba, cewa za a yi kayan 'yan ƙungiyar nan.

Biyu, kada keke ya bar shago sai mai shagon ko yaronsa ya hau shi ya taka birkin gaba da na baya, ya girgiza wili biyu da kan keke.

Uku, ƙungiya ta buga takarda ɗaya mai ɗauke da waɗannan ma'aunai da Hausa, a boko da ajami, a manna a kowace rumfa. In mai oda ya ce 559 a waya, na can ɓangaren ya san abin da zai ɗoro, ba sai kaya sun tsallako an biya kwastan an biya duwan sannan a ga ba su shiga ba.

Huɗu, mu riƙa musayar abin da ya yi mana kwantai. Wilin da ya shekara rataye a rumfar wani, wani yana can yana nemansa ido rufe. Kuma mu ɗauki nauyin koya wa yaran da ke yi mana haɗi, mu saya musu sifanun da suka dace, mu biya su hakkinsu, don hannunsu ne ke riƙe da kasuwarmu.

 Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya sa albarka a nema, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya nuna mana taron baɗi.