Idan Ƙane Ya Faɗa Shan Ƙwaya: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

Da wuya a sami hakimi a ƙasar Kano wanda irin wannan kuka bai taɓa isa zaurensa ba. Mutum ne zai zo daga Rijiyar Lemo, ko wata unguwa ta Fagge, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya daɗe yana kewaye-kewaye, sa'an nan ya ce ƙanensa ya lalace da shan ƙwaya. Mahaifinsu ya rasu, gida ya dawo wuyansa. Keken ɗinkin tsohuwa ya ɓace, kowa ya san wanda ya ɗauka, ba mai iya faɗi. Abin da ya kawo shi ɗaya ne, a ba shi izini ya kai yaron mari.

Lamarin ba na gidansa kaɗai ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka bayyana a 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun taɓa kayan maye cikin shekara guda, ɗaya cikin huɗu kuwa mace ce. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigowa da shi. Amma fa hana kwalba ba ya warkad da wanda jikinsa ya riga ya saba.

Nan ne 'yan'uwa suka fi yin kuskure. Kodin da tramol danginsu ɗaya, kuma in jiki ya saba da su, ran da aka rasa sai zufa, da gudawa, da ciwon gaɓoɓi, da rashin barci na kwanaki. Yaron da ya rantse wa wansa da safe, ya karya da dare, ba lalle raini ne ba, ciwo ne ya fi ƙarfinsa. Tramol kuma in ya yi yawa yakan kā da mutum kamar mai farfaɗiya, sai gida su ce iska ce ko sammu, a yi ta hayaƙi, asibiti kuwa na nan kusa.

Mari ba ya maganin wannan. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, waɗansu da sarƙa a ƙafa, da tabon bulala a baya. Wata mai zuwa aka sami irinsa a Daura. Galibinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu, da kyakkyawan nufi, har suna biya.

Saboda haka ya kamata hakimi ya hana, amma kada ya sallami mai kuka hannu wofi. A nuna masa Asibitin Dawanau, ko sashen masu taɓin hankali na Asibitin Malam Aminu Kano, ko masu ba da shawara na hukumar NDLEA. A gaya masa kada ya ba yaron kuɗi a hannu, kada ya biya masa bashin dillali, amma abinci da wurin kwana kada a yanke. A yi masa magana sa'ad da yake cikin hankalinsa, ba a gaban ƙannai ba. Malamin hakimi kuwa ya kama bakinsa, gama tsoron tonon asiri shi ke sa a ɓoye mara lafiya, balle in mace ce wadda ake jiran manema.

Shi wan ma a dube shi. Yana da mata da 'ya'ya, ga kasuwa, ga tsohuwa da ke ganin ya yi wa autanta tsanani. Mai unguwa ya tara baffanni da kawunnai a raba kuɗin magani da zuwa dubiya. A kuma faɗa musu tun da wuri cewa da yawa sukan koma sha bayan sallama, in haka ta faru a sake mai da shi wurin likitan da ya san shi.