Haƙƙin Majiyyaci a Asibiti: Jawabin Sakatare a Taron Wata



 

An umarce ni in yi bayani a kan sauyin da aka samu a harkar jinya a asibitocin ƙasar nan. A da, likita ne ke yanke hukunci, majiyyaci nasa ido. Yanzu doka ta ce sai da saninka da yardarka. Da yawanmu a nan Ikko ba mu da labarin wannan, shi ya sa ake cutarmu muna godiya.

Na farko, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014. Sashe na 20 ya hana kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa, ko da wane dalili. Wanda ya saɓa, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Saboda haka mai naƙudar da jini ya ɓalle mata, ko ɗan acaɓan da mota ta buge, a fara ceton ransu, maganar kuɗi ta biyo baya.

Na biyu, a shekarar 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar jinyar wanda aka harba da bindiga. Asibiti ba ya da ikon cewa sai an kawo takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami. Aikinsa ya fara magani, sannan ya sanar da 'yan sanda cikin awa 2.

Na uku, kuma shi ya fi shafarmu, maganar harshe. Sashe na 23 na dokar 2014 ya wajabta wa likita ya gaya maka ciwonka, da hanyoyin magani, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da kuma ikonka na cewa a'a. Ya ce in da hali a yi bayanin da harshen da kake ji, a kuma lura da zurfin karatunka. To, wanda ba ya jin Yarbanci ko Turanci ya nemi tafinta, ba roƙo yake ba. Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar yardar yin tiyata sai an karanta masa ita, ya fahimci abin da za a yanka da dalilinsa. Haka kuma sashe na 26 ya hana a tona asirin ciwonka, sai da izininka ko inda doka ta yarda.

'Yan'uwa, babu inda waɗannan dokoki suka ambaci ɗan asalin jiha. Sashe na 42 na tsarin mulki ma ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko asali.

Amma fa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu daina ajiye mara lafiya a gida sai ya galabaita. Mu bar shan maganin zazzaɓi da ka, tunda gwajin ɗigon jini na nuna maleriya cikin kamar minti 20. Mu riƙa adana kati da rasit da sakamakon gwaji. Mu shiga inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta wa kowa. Ta jihar Legas sunanta Ilera Eko. In an ci zarafinka, ban da zagi, ban da faɗa da ma'aikatan jinya. Riƙe rana da lokaci, ka kai ƙara ga hukumar asibitin a rubuce.

Shawarata ga shugabanni ita ce kowace unguwa ta ware matasa biyu, namiji da mace, masu jin Turanci, su riƙa raka marasa lafiyarmu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.